Bashin sefa tsakanin mijina da yayana

Assalamu alaikum Malam. Ni matar aure ce a Kamba ta jihar Kebbi. Yayana, wanda muke ciki ɗaya, ɗan kasuwa ne da ya daɗe da zama a Gaya ta Jamhuriyar Nijar. A watan Maris na 2023 maigidana ya buƙaci jarin sayen shanshera, kuma ni na roƙi Yaya ya ranta masa. Ya zo har gida ya ƙirga masa sefa miliyan huɗu a gabana, ya ce, "Ga shi, wajen naira miliyan biyar ke nan, ka mayar mini kafin kaka." Ba a rubuta komai ba, tunda abu ne na gida. Maigida ya canza kuɗin ya yi cinikinsa, ya kuma sami riba daidai gwargwado. Da lokacin biya ya yi, an rufe iyaka, sefa kuma ta fara tsada, sai ya ce bari ya ɗan jira ta sauko. Har yau ba ta koma inda take ba, kuma kuɗin nan yanzu ya kai wajen naira miliyan goma. Kwanan baya maigida ya aika masa da naira miliyan shida, biyar na bashi, ɗaya na kyautatawa, amma Yaya ya mayar da su, ya ce sefa ya bayar, sefa yake jira. Maigida yana cewa duk abin da ya haura miliyan biyar kuɗin ruwa ne. Sun daina gaisawa, Inna kuma ta shiga damuwa. Ina da sarƙa da awarwaro na gwal, ina tunanin in sayar a ɓoye in cika wa Yaya. Malam, wa ke da gaskiya? Kuma mu ƙara jira ko naira za ta farfaɗo?

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, 'yar'uwa. Allah Ya yaye miki wannan damuwa, Ya kuma saka miki da alheri a kan ƙoƙarin da kika yi na haɗa jarin ɗan'uwanki da sana'ar mijinki. Na lura a wasiƙarki kina ɗora wa kanki laifi saboda ke kika roƙa, to ki sauke wannan nauyi daga zuciyarki. A watan Maris na 2023 babu wanda ke zaune a Kamba ko a Gaya da zai iya gaya miki cewa kafin wata biyar za a saki naira, a yi juyin mulki a Yamai, a kuma rufe iyaka. Abin da kika yi zumunci ne, kuma har yanzu yana nan a matsayin zumunci.

Zan fara da tambayarki ta farko, kuma zan faɗa miki amsar kai tsaye ko da ba za ta yi wa maigida daɗi ba. Bisa abin da kika bayyana, bashin nan na sefa ne. Abin da aka ƙirga aka damƙa a hannu sefa ce, maigida ne da kansa ya kai ta wurin ɗan canji, kuma maganar da Yaya ya yi ta "wajen naira miliyan biyar" kwatanta ƙimar kuɗin ce a farashin wannan rana, ba sayar masa da naira ya yi ba. Wanda ya ranci tiya goma ta gero da kaka, in ya tashi biya da bazara tiya goma zai auna, ko da kuɗin gero ya ninka, kuma babu wanda zai ce mai geron ya ci kuɗin ruwa. Kuɗin ruwa shi ne a ba da sefa miliyan huɗu da sharaɗin a karɓi miliyan biyar. Yaya bai nemi ƙarin ko sefa ɗaya ba. A kan haka mafi yawan malamai suke, kuma Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait a 1988, ta yanke cewa bashin da aka ci da wani kuɗi ana biyansa ne da irinsa da adadinsa, ba da ƙimarsa ba. Duk da haka ni a bakinki kaɗai na ji labarin, don haka ya kamata su biyun su zauna gaban malamin da dukansu suka yarda da shi, kowa ya faɗi abin da ya tuna. Idan ta tabbata a can cewa da naira aka ƙulla rancen, to hukuncin zai juya, sai dai ko a nan ba zan so maigida ya yi murna ba, domin mayar wa mutum abin da bai wuce rabin dukiyarsa ba bayan an wuce wa'adi ba halin mutumin kirki ba ne, kuma tun a zamanin da akwai malamai irin su Abu Yusuf, almajirin Imam Abu Hanifa, da suka ga a duba ƙima idan darajar kuɗi ta sauya.

Amma kada ki ɗauki maigida a matsayin maƙaryaci ko mai son cin dukiyar suruki. Mutumin da ke neman cinye bashi ba ya tattara naira miliyan shida ya aika. Shi da naira yake saye, da naira yake sayarwa, da ita yake cefane, saboda haka a ƙwaƙwalwarsa biyar ya karɓa, yau kuma an ce ya kawo goma, alhali bai ga inda biyar ɗin ta shiga aljihunsa ba. Wannan zafi na gaske ne, kuma ya kamata ki fahimci inda ya fito, domin ba Yaya ne ya haddasa shi ba.

Kafin watan Yuni na 2023 dala tana da farashi biyu a Najeriya. Babban Bankin Najeriya yana riƙe da ita a wajen naira 460, a kasuwar bayan fage kuma ana sayar da ita wajen naira 750. Ranar 14 ga Yuni na wannan shekara, makonni biyu da hawan Shugaba Bola Tinubu, bankin ya haɗe hanyoyin canjin wuri ɗaya, ya ce daga yanzu mai saye da mai sayarwa su daidaita a tsakaninsu. Wannan shi ne abin da ake nufi da barin kasuwa ta yi halinta: gwamnati ta daina cewa ga farashi, sai yawan masu neman dala da yawan dalar da ke akwai su yanke shi kowace rana. Mu kuwa ƙasa ce da mafi yawan dalarta daga ɗanyen mai take zuwa, alhali magani da injuna da alkama da kuɗin makarantar waje duk dala suke ci, ga kuma, a wancan lokaci, tarin bashin dala da bankin ya yi wa 'yan kasuwa alkawari bai cika ba. Da aka saki igiyar sai naira ta yi ta gangarowa, har a watan Fabrairun 2024 dala ta haura naira 1,500 a kasuwar hukuma, a bayan fage kuma ta doshi 1,900.

Ita kuwa sefa ba a sake ta ba. Tun 1999 an ɗaure ta da yuro a kan sefa 655.957 kowane yuro ɗaya, kuma wannan lissafi bai motsa ba har yau. Haka riyal na Saudiyya yake a ɗaure da dala a kan 3.75 tun 1986, abin da ya sa maniyyatanmu suka ji jiki a 2024, lokacin da aka nemi su cika kusan naira miliyan biyu a kan kuɗin kujerar da suka riga suka biya. To kin ga ba sefar Yaya ce ta yi ƙiba ba, nairar maigida ce ta rame. Abin da sefa miliyan huɗu za ta saya wa Yaya a kasuwar Gaya yau bai fi abin da za ta saya masa a 2023 ba, wataƙila ma bai kai ba. Idan ya karɓi naira miliyan shida ya rufe maganar, a farashin da lissafinki ya nuna, wato naira 2,500 kowace sefa dubu, abin da zai koma gida da shi sefa miliyan biyu da dubu ɗari huɗu ne. Ya yi asarar miliyan ɗaya da dubu ɗari shida ke nan a kan rancen da ya bayar don Allah da don ke, kuma kuɗinsa sun daɗe a waje ba ya juya su. Ki tuna kuma da abin da ya same shi a can. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 ƙungiyar ECOWAS ta ƙaƙaba wa Nijar takunkumi, Najeriya ta yanke musu wutar lantarki, gadar da ta haɗa Gaya da Malanbil ta ƙasar Benin ta rufu, kuma garin da ke rayuwa da shige da ficen kaya ya tsaya cik. A irin wannan lokaci ne ɗan kasuwa ya fi bukatar jarinsa a hannu. Ina kyautata zaton abin da ya fi ɓata wa Yaya rai ba yawan kuɗin ba ne, a'a, yadda aka aiko masa da su da sunan an biya har an yi masa kyauta.

Akwai wuri ɗaya da maigida ya yi kuskure, kuma gara ya ji shi daga bakin mai ƙaunarsa. Rufe iyaka uzuri ne na ɗan lokaci, amma kowa a Kamba ya san 'yan canji ba su daina aiki ba, kuma Najeriya ta buɗe nata ɓangaren a watan Maris na 2024. Abin da ya riƙe shi shi ne fatan sefa ta sauko. Daga ranar da ya yanke shawarar jira, ya shiga cacar farashi da dukiyar da ba tasa ba, ba tare da ya nemi izinin mai ita ba. Da naira ta tashi, shi zai ci ribar jiran. Da ta faɗi, bai dace ya tura wa Yaya asarar ba. Manzon Allah (SAW) ya ce jinkirin mai hali wajen biyan bashi zalunci ne, kamar yadda Bukhari da Muslim suka ruwaito. Ba na faɗin haka don a tozarta shi, domin dubban 'yan kasuwa sun faɗa wannan rami a shekarar, har da manyan kamfanoni masu ɗakunan akantoci da suka bayyana asarar biliyoyin naira saboda bashin dala.

Wannan ya kawo mu ga tambayarki ta biyu. Kada ku ƙara jira. Babu wanda zai iya gaya miki farashin sefa na watan gobe, kuma duk wanda ya rantse miki ya sani, ki yi hattara da shi. Duniya ta taɓa zama a kan tsayayyen farashi: a 1944 aka yi yarjejeniyar Bretton Woods a Amurka, aka ɗaure manyan kuɗaɗe da dala, ita kuma aka ɗaure ta da zinariya a kan dala 35 kowane oza. Shugaba Nixon ya warware wannan ɗauri a watan Agustan 1971, zuwa 1973 manyan kuɗaɗen duniya duk sun koma hawa da sauka. A wannan shekara ta 1973 aka haifi naira, lokacin da dala ɗaya ba ta kai naira ɗaya ba. Tun daga nan an karya darajarta a 1986 zamanin Janar Babangida, an sake yi a 2016 lokacin da dala ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa wajen 280 cikin kwana ɗaya, sannan ga na 2023, kuma babu karo ɗaya da ta koma inda ta baro. Takan farfaɗo, ba shakka. A watan Afrilun 2024 dala ta sauko wajen naira 1,100, mutane suka yi ta murna, kafin wata biyu ta koma wajen 1,500. Ba mu kaɗai ba ne kuma, domin Masar ta saki fam ɗinta a watan Maris na 2024, dala ta tashi daga fam 31 zuwa kusan 50 a yini ɗaya.

Ga wani abu da maigida zai iya mantawa da shi in yana sauraron farashin dala a rediyo. Bashinsa ba ya bin dala, yuro yake bi. A 2025 yuro ya yi ƙarfi sosai a kan dala, saboda haka ko a watannin da naira ta ɗan samu sauƙi a gaban dala, sefa ba ta sauko yadda aka zata ba. Wato mai jiran sefa ta yi araha yana jiran abu biyu ne su dace a lokaci ɗaya, ɗaya a Abuja, ɗaya a Turai, kuma babu wanda yake da iko a kai. Ita kuma nairar da ke ajiye tana narkewa, domin a watan Disambar 2024 hauhawar farashi a Najeriya ta kai kashi 34.8 cikin ɗari.

Abin da nake ba ki shawara shi ne ki fara da maigida, ku biyu kaɗai, a lokacin da hankalinsa yake kwance. Ke ce shaidar da ta ga ƙirgar kuɗin, kuma idan aka zauna gaban malam za a tambaye ki. Bai kamata ya fara jin shaidarki a gaban mutane ba. Ki gaya masa cikin ladabi cewa abin da idonki ya gani sefa ce, ba za ki iya faɗin wani abu daban ba, kuma kina faɗa masa ne tun yanzu don kare mutuncinsa. Kada ki ce masa Yaya ya fi shi gaskiya. Ki ce masa kina son ya fita daga bashin nan da girmansa. Sannan ki roƙe shi abu ɗaya: ya amsa da bakinsa cewa sefa miliyan huɗu ake bin sa. Na san zai ga kamar ya sayar da hujjarsa, amma wannan amsawa ita ce za ta buɗe masa ƙofar neman sauƙi. Muddin yana musun adadin, Yaya ba zai iya yafe ko sisi ba, domin yafewar za ta zama kamar an ƙwace masa ne.

Bayan haka a samu dattijo ɗaya daga danginku, ɗaya daga nasa, tare da malamin da na ambata, maigida kuma ya taka da ƙafarsa, kada ya sake yin aike. A wannan zama ya miƙa naira miliyan shidan nan a matsayin kashin farko. Ya halatta Yaya ya karɓi naira a madadin sefa in ya yarda, da sharaɗin a lissafa a farashin ranar kuma a karɓa nan take. Asalin wannan hadisin Abdullahi ɗan Umar ne, wanda yake sayar da raƙuma a Baƙi'a da dinari ya karɓi dirhami, aka ce masa babu laifi in da farashin ranar ne kuma ba su rabu da sauran wani abu a tsakaninsu ba. A tambayi 'yan canji biyu ko uku a safiyar ranar, a ɗauki farashin da kowa ya amince da shi, a rubuta cewa an biya sefa kaza, saura sefa kaza. Ragowar ta ci gaba da zama a sefa. Kada a ce an mayar da ita naira miliyan huɗu za a biya bayan wata shida, domin canjin kuɗi hannu da hannu ake yin sa, kuma yin hakan zai sake dasa irin rigimar da ake ƙoƙarin tumɓukewa.

Ragowar sefa miliyan ɗaya da dubu ɗari shida ba ta fi ƙarfin mai sana'ar shanshera ba in an tsara ta. Za a iya raba ta sefa dubu ɗari biyu kowane wata, ko a ɗaura ta da lokutan da kuɗi ke shigo masa, wato bayan girbin shinkafar rani da bayan na damina. Dabarar da ta fi muhimmanci ita ce duk ranar da ya ware wani abu don bashin, ya canza shi zuwa sefa a ranar, ya miƙa wa wakilin Yaya ya karɓi shaida a rubuce, maimakon ya tara naira yana kallon kasuwa. Wani watan zai saya da tsada, wani da sauƙi, amma kowane wata bashin yana raguwa da adadin da ba zai sake kumbura ba. Akwai kuma wata hanya da za ta iya yi wa su biyun daɗi: tunda Yaya ɗan kasuwa ne, kuma faɗuwar naira ta sa kayan Najeriya sun yi araha ga mai sefa, zai iya karɓar wani kashi da kaya, a yi musu kuɗi da sefa a ranar miƙawa. Sai dai a tabbata kayan da doka ta yarda a fitar ne, a bi ta hannun kwastan, don kada a je neman biyan bashi a dawo da asarar mota guda.

Shi ma Yaya akwai maganar da za ki yi da shi, amma bayan maigida ya amsa bashin, ba kafin nan ba. Ki gode masa tukuna, domin mai yiwuwa tun da rigimar ta fara babu wanda ya ce masa an gode. Sannan ki tuna masa, a matsayinki na ƙanwa, cewa aya ta 280 cikin Suratul Baƙara ta ce a jinkirta wa wanda ke cikin ƙunci har ya samu sauƙi, kuma yafewa ta fi alheri. Idan ya ga dama ya sauke wani abu daga ragowar, wannan kyautarsa ce, a karɓa da godiya. Idan bai sauke ba, haƙƙinsa ya nema, kada ki riƙe shi a zuciya, kada kuma ki bari maigida ya shiga zaman da tsammanin lallai sai an rage masa.

Game da gwal ɗinki, dukiyarki ce, babu wanda zai hana ki taimaki mijinki da ita, amma kada ki sayar a ɓoye. Irin wannan sirri ba ya daɗewa a gari kamar Kamba, kuma ranar da ya fito maigida zai ji an biya masa bashi a bayan idonsa kamar wanda ya gaza, Yaya kuma zai ji kunyar cewa sarƙar ƙanwarsa ya karɓa. Ki kuma sani cewa a cikin duk abin da gidanku ya mallaka, gwal ɗin nan yana cikin 'yan abubuwan da faɗuwar naira ba ta ci ba, don haka shi ne abu na ƙarshe da za a taɓa, ba na farko ba. Idan an zauna an ga tsarin biyan ba zai yiwu ba sai da shi, ki fito fili ki faɗa ko kyauta kika ba maigida ko rance. In rance ne, a rubuta ko giram nawa ne na gwal za a mayar miki ko naira nawa, da shaidu biyu, kamar yadda aya ta 282 ta wannan sura ta yi umarni, domin rashin wannan 'yar takarda ne ya kai ku inda kuke.

Inna kuwa kada a sa ta cikin lissafin sefa da naira, kada kuma a nemi ta zaɓi tsakanin ɗanta da surukinta. Da zarar an tsayar da ranar zama, ki je da kanki ki gaya mata cewa an sa rana, kuma maigida ne zai taka ya je wurin Yaya. Ki yi ƙoƙari ranar ta kasance cikin makonni biyu masu zuwa, kafin wani ya sake jin labarin cewa sefa za ta sauko.